Littafi da biro, ko na'urar da ke manne da inji?

A bakin kasuwar Dawanau, wajen da tireloli ke jiran lodin hatsi, na tarar da direbobi suna musu kan rubuta awannin aiki. Wani mai ƙani a Amurka ne ya taso da zancen.

A can, direban babbar mota ba ya wuce awa 11 yana tuƙi, duk cikin awa 14 da fara aiki, sannan sai ya huta awa 10 a jere. Da, littafi ake cikewa da hannu. Ba tsada, ba lalacewa. Sai dai biron a hannun direba yake. Mai gaggawa sai ya rubuta barci alhali yana kan kwalta.

Tun Disamba 2017 aka wajabta wa yawancinsu na'urar ELD, wadda ake manna wa injin mota don ta riƙa rubuta awannin tuƙi. Mota na motsawa, ta fara lissafi da kanta, ba ta san alfarma ba. Ni ita na fi so, don maigidan mota ba zai tilasta maka kwana kana tuƙi ba.

Wani dattijo ya girgiza kai: "Yaro, in awarka ta ƙare a dokar daji tsakanin Kano da Legas, a ina za ka tsaya?" Shiru na yi.