Shagon Tura Fina-finai a Samaru da Jakarsa ta Ban Tsoro

A cikin shagunan tura fina-finai da ke Samaru, kusa da Jami'ar Ahmadu Bello, akwai wanda ɗalibai suka fi yi wa cincirindo, kuma ta fuskar aiki ban ga abin kushewa a cikinsa ba. Hoto tangaran ne, murya ba ta saɓa wa baki, ba a shanya mutum kafin a zuba masa a waya ko fulash, farashi kuma daidai aljihun ɗalibi. Damuwata tana kan jakar fina-finan ban tsoro da ke kwamfutar shagon, musamman waɗanda aka gina a kan gida guda da uba da 'ya'ya da kaka duk makasa ne.

Mai shagon ya tara wannan salo tun daga tushe. Yana da The Texas Chain Saw Massacre na 1974, wanda Tobe Hooper ya ba da umarni, aka kuma tsakuro wani ɓangarensa daga ta'asar Ed Gein, wani makashi ɗan jihar Wisconsin ta Amurka da aka kama a 1957. Duk da ƙaurin sunan fim ɗin, jinin da ake gani a cikinsa kaɗan ne. Firgicin yana cikin rurin zarto mai inji, da kururuwar budurwar da aka ɗaure, da zaman cin abincin da 'yan gidan suka yi kewaye da ita suna ƙyalƙyata dariya, ta yadda wurin da muka sani da aminci ya koma mahauta. Hakan kaɗai ya isa hukumar tace fina-finai ta Ingila ta ƙi ba shi izini sai a 1999.

Waɗanda suka biyo baya sun sauya hanya. A The Devil's Rejects na 2005, da sabon The Hills Have Eyes na 2006, kyamara tana daɗewa a kan rauni da azabtarwa da keta haddin mata, har The Devil's Rejects ɗin yana jan mai kallo ya tausaya wa makasan a ƙarshe. A ganina wannan ya wuce ban tsoro, ya zama koya wa ido sabawa da wahalar ɗan Adam.

A shagon babu abin da ya bambanta waɗannan da sauran. Sunan fim kawai ake gani, ba shekarar fitowa, ba alamar 18, alhali tun 1993 Najeriya take da hukumar da aikinta ya haɗa da rarraba fina-finai bisa shekarun masu kallo. Na ga yara da rigar sakandare ana cika musu memori daga jakar, da na yi magana sai mai shagon ya ce, cikin ladabi, "Malam, abin da suka tambaya nake ba su." Bai yi la'akari da cewa waya a gidajenmu ba ta mutum ɗaya ba ce, daga hannun yaya sai na ƙane.

Babban mutum da ya san abin da yake nema zai same shi a nan da inganci. Amma ba zan aiki yaro shagon ba har sai an ware jakar, an rubuta 18 a gaban kowane fim da ke ciki, an kuma daina zuba wa wanda bai kai ba.