Hattara da masu gyaran get da ba su san wata cuta ba sai "bod ya ƙone"

Na jinkirta rubuta wannan har sai da zuciyata ta ɗan yi sanyi, don kada in faɗi abin da zan yi da-na-sani. Duk mai get irin na rimot, musamman wanda gidansa ya kwana biyu kuma rana ke dukan injin tun hantsi har la'asar, ya karanta a nutse. Akwai masu yawo da jakar kayan aiki da sunan gyara, alhali abin da suka ƙware a kai shi ne sanin lokacin da get ke tsayawa da lokacin da yake tashi da kansa. Ɗaya daga cikinsu ya damfari Kawuna tas, kuma ba don Allah ya tsare ba, da abin bai tsaya a asarar kuɗi ba.

Gidan Kawu tsohon gini ne. Katangar da get ɗin sun girmi injin nesa ba kusa ba. Sai daga baya, da ciwon ƙafa ya matsa masa, 'ya'yansa suka sa aka ɗaura masa inji irin mai jan get a kan layin ƙarfe. Aka yi shekaru lafiya lau. Da zafin bana ya kankama sai get ya ɓullo da wani hali: da safe ka danna rimot ya wuce sumul, da rana tsaka ka danna sai ka ji inji na gurnani, get ko gezau. Wani lokaci ya tafi rabi ya ƙame. In rana ta faɗi kuma ya dawo aiki kamar ba shi ba.

Kawu ya ga wata sitika manne a murfin injin, da lambar waya da rubutun cewa su ne wakilan kamfani. Ba wanda ya san ranar da aka manna ta. Ni dai na fi zaton bi ake yi gida-gida ana zura hannu ta tsakanin sandunan get ana liƙawa. Ya kira, mutumin ya zo da yaronsa, ya buɗe murfi, ya leƙa bai fi minti biyu ba. Ko mitar awon wuta bai ciro daga jaka ba. Ya girgiza kai ya ce, "Baba, ai bod ya ƙone, kuma ya taɓa koyil. Wannan samfurin ma kamfani ya daina yin sa, amma saboda girmanka zan nemo maka." Bod shi ne allon lantarkin da ke sarrafa injin, koyil kuwa naɗin wayar da ke cikinsa. Ya karɓi fiye da rabin kuɗi kafin alƙalami, ya kwance injin ɗungurungum, ya haɗa da rimot ɗaya da makullin sakin giya, wato wanda ke raba inji da get don a iya turawa da hannu, wai zai gwada a shago.

Sai da aka yi kwana tara ana kira ana ba da haƙuri, sannan ya dawo, dab da magariba. Ku riƙe wannan lokacin a ranku. Ya ɗaura inji mai ƙyalli, ya danna, get ya tafi, ya sake dannawa ya dawo, ya karɓi cikon kuɗinsa ya yi gaba. Washegari da azahar gurnani ya dawo. Lambar kuwa tun daga ranar a kashe take.

Da na je, na tafi da wani mai aikin wutar lantarki da na daɗe da sanin hannunsa. Kafin ma ya buɗe murfi na ga abin da ya sa gabana ya faɗi: a ƙafar injin, gefen da ke kallon katanga, akwai ɗigon koren fenti guda biyu. Ni na ɗiga su da hannuna shekarar da muka yi wa get ɗin fenti. Injin Kawu ne aka wanke, aka goge shi da mai, aka liƙa sabuwar sitika a kan tsohuwa, aka sayar masa da abinsa. Bod ɗin ma nasa ne, ba tabon ƙuna ko ɗaya, ba warin ƙauri. Abokina ya sa yatsa ya nuna wani ɗan farin gwangwani a gefen injin, kansa ya kumbura ya ɗan tsage. Ya cire, ya ɗora mita a kai, ya juyo da fuskar mitar ya ce, "Kawu, duba da idonka. Abin da aka rubuta a jikinsa ke nan, ga abin da ya rage masa." Bai kai rabi ba.

Kafasita ke nan, ɗan'uwan wanda ke cikin fankar silin. Injin da ke aiki kai tsaye da wutar gida ba ya iya fara juyawa da ƙarfinsa sai da shi. In ya yi rauni, inji zai yi ta gurnani ya kasa tashi, amma in ka ɗan tura get ɗin da hannu sai ya ɗauka. Zafi ne babban makashinsa, kuma yana cikin mafi arahar abin da ke cikin akwatin nan. Canza shi bai ɗauki abokina minti goma ba.

To amma me ya sa get ke mutuwa da rana ya farfaɗo da dare? A nan ne mayaudarin ke cin kasuwarsa. A cikin naɗin wayar injin akwai wani ɗan makunni mai tsaron zafi, wanda ke yanke wuta in zafin ciki ya kai wajen digiri 140 zuwa 150, sannan ya mayar da ita da kansa in inji ya huce. Injin da kafasitansa ya gaji yana jan wuta yana dafa kansa ba tare da ya juya ba, ga kuma murfi da rana ta gasa tun safe. Nan da nan sai makunnin ya yanke. Bayan awa ɗaya ko biyu, ko in iska ta yi sanyi, komai ya dawo daidai ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Wanda ya san wannan, kuma ba ya tsoron Allah, zai zo duba get da rana yana mace, ya dawo "haɗawa" da yamma yana raye. Saboda haka duk wanda ya gyara maka get, kada ka ba shi cikon kuɗi sai an gwada a lokacin da matsalar ta saba zuwa. A buɗe a rufe sau biyar ko shida a jere, rana na tsaka.

Kuma a tsohon gida, sau da yawa laifin ba na wuta ba ne sam. Da muka saki giya muka tura get ɗin Kawu da hannu, sai da muka haɗu mu biyu a wani wuri. Get mai lafiya, in an saki giyarsa, mutum ɗaya zai tura shi da hannu ɗaya daga farko har ƙarshe. Simintin da ke ƙarƙashin layin ya tsage ya ɗan lotsa a tsakiya, yashi ya cika gefen layin, taya ɗaya kuma ta cinye har ta daina juyawa, ja take yi. Da get ya sauka, sai haƙoran da ke jikinsa suka zauna daɓas a kan giyar injin. Ya kamata a bar ɗan tsakani kamar milimita 2 a nan, domin tayoyi ne ke ɗaukar nauyin get, aikin inji ja ne kawai. Ko sabon inji dal ka ɗaura a kan wannan layin, haka zai yi ta nishi har ya gaji. Mai gyaran da bai saki giya ya tura get da hannu ba kafin ya yanke hukunci, bai duba komai ba.

Wani kuma zai ce maka rana ta lanƙwasa get, sai an yi sabo. Gaskiya ne ƙarfe na miƙewa da zafi, amma nawa? Get mai tsawon mita 5, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, abin da zai ƙara bai cika milimita 2 ba. Ya isa ya sa bakin get ya cije a inda yake shiga in tun farko an matse wurin, amma maganinsa a ɗan saki maƙalar, ba a kira mai walda ya yanka get ba.

Masu inji mai batir kuma, irin na bolt 12 ko 24, tasu damfarar daban ce. Batirin nan ƙarami da ke cikin akwati an auna kwanansa ne a zafin digiri 20 zuwa 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage kwanan da kusan rabi. Batirin da zai yi shekara huɗu a inuwa, a cikin akwatin da rana ke duka da ƙyar ya wuce shekara ɗaya ko biyu. In ya gaji, get zai tafi a hankali ya tsaya a hanya, alhali fitilun bod suna kunne. Macuci zai ce bod ne. Wani ma zai ɗora mita ya nuna maka bolt 12 da ɗoriya ya ce ka ga batir lafiyarsa ƙalau. Awon batir yana zaune ba ya nuna ƙarfinsa na gaske. A bar mitar a kai a danna rimot, in lambar ta ruguzo ƙasa da zarar inji ya ja, batir ne. Ban ce bod ba ya ƙonewa ba. Tsawa na ƙona shi, wuta in ta zo da ƙarfi na ƙona shi, tsaka da kiyashi ma in sun shige bayansa suna haɗa wayoyi. Amma ƙuna tana barin shaida: baƙin tabo, ƙauri, fiyus da ya tsinke, wani lokaci har da gawar tsakar a bushe. Ka ce a nuna maka.

Duk wannan ba shi ne ya hana ni barci ba. A jikin ginshiƙan get akwai wasu ƙananan idanu biyu da ke kallon juna, ɗaya na aika haske wanda ido ba ya gani, ɗaya na karɓa. In mutum ko mota ya gitta tsakaninsu get na rufewa, sai ya tsaya ya koma baya. Ƙura na rufe su, rana in ta yi ƙasa ta haske su kai tsaye takan ruɗa su, tsohon ginshiƙi in ya ɗan karkata sai su daina ganin juna. Gyaransu tsumma ne da ɗan daidaitawa. Mutumin nan bai yi haka ba. A kan bod, inda wayoyin idanun ke shiga, mun tarar ya cire su ya lanƙwasa wata 'yar guntuwar waya ya haɗe ramukan biyu, don inji ya ɗauka hanya a buɗe take kullum. Sannan ya murɗa maɓallin ƙarfi har ƙarshe, don get ya iya haye wurin da layin ya lotsa. Abokina ya ajiye bokitin roba a kan layi ya danna rimot. Get ya matse shi da ginshiƙi har ya fashe, bai ko yi alamar tsayawa ba. Jikokin Kawu a bakin get ɗin nan suke wasa kowace yamma. Kawu ya daɗe yana kallon bokitin bai ce uffan ba.

Kada wani ya ce na cika tsoro. A shekarar 2010, a Birtaniya, yara mata biyu, ɗaya 'yar shekara 6 ɗaya 'yar shekara 5, sun rasu cikin mako guda a garuruwa daban-daban, kowacce get mai inji ne ya matse ta. Ƙa'idar Turai ta EN 12453 ta iyakance ƙarfin matsar get a kusa da rufewa zuwa abin da bai wuce nauyin kilo 40 ba, kuma dole ya saki nan take. Ta Amurka, UL 325, ta wajabta hanyoyin kariya biyu masu zaman kansu. Guntuwar waya ɗaya ta rushe duka.

Saura rimot da makullin da ya tafi da su. Tsofaffin rimot da yawa lamba ɗaya tak suke aikawa kullum, kuma ana kwafe su cikin daƙiƙoƙi da wani rimot na kwafi. Sababbi masu canza lamba a kowane danni sun fi wuyar kwafewa, amma wanda ya riƙe injinka kwana tara ba ya buƙatar kwafi, rimot ɗinsa kawai zai shigar a ƙwaƙwalwar bod. Mun goge ƙwaƙwalwar gaba ɗaya, muka sake shigar da rimot biyun da ke hannun Kawu, muka sa kwaɗo a murfin sakin giya. Duk wanda baƙon mai gyara ya taɓa fita da injinsa ko rimot ɗinsa, ya yi haka yau, kada ya jira gobe.

Kafin kowa ya taɓa maka inji, ɗauki hoton lambar da ke jikinsa da hoton bod da wayoyinsa, ka yi wa kowanne 'yar alama da fenti a inda ido ba ya kaiwa. Manyan masu ƙera injinan nan, irin su FAAC da Nice da CAME da BFT na Italiya da Centurion na Afirka ta Kudu, suna da littafin kowane samfuri a intanet, har da ma'anar ƙiftawar fitilun bod. In wani ya ce shi wakilinsu ne ko an daina yin samfurinka, kamfanin za ka tambaya, ba sitikar da ka tsinta a murfi ba. In an ce abu ya mutu, a cire a gabanka, a sa sabon a gabanka, tsohon ya zauna a hannunka.

Mun canza kafasita da taya, an fasa simintin an gyara layin, an mayar da idanun, an sauke ƙarfi. Abokina ya yi wa injin 'yar rumfa da ragowar kwano, ya bar sarari ta gefe don iska ta ratsa. Da na fito zan tafi na duba layin gidajen, na ƙirga irin sitikar nan a kan inji huɗu, lambobin waya daban-daban amma rubutu iri ɗaya. Na ɓare ta Kawu, sauran kuma na ƙwanƙwasa na faɗa wa masu gidajen.