Hilux ta hannu mai shan gas: yadda na same ta, da abin da za ka duba kafin ka biya

Masu tambayata kan motar nan sun yi yawa, to bari in rubuta a wuri ɗaya kowa ya gani. Toyota Hilux ce ƙirar 2008, wadda ake ce wa Vigo, ƙofa huɗu, giyar hannu, injin gas (wato dizal) 2KD mai lita 2.5 da turbo. Ta hannu na saye ta, aikinta kai taki gona da kwaso masara daga ƙauyukan bayan Saminaka, hanyar da in damina ta zauna ƙaramar mota ko kallonta ba ta yi.

Maganar gaskiya wajen ƙarfi ban da abin cewa sai Alhamdulillah. Ka loda mata buhuna har bayan ya ɗan zauna, ka shiga taɓo, ka ja ƙaramin giyan nan na ogzilari, mai sa tayoyi huɗu duka su ja, zuwa L4, wato giyan ƙarfi, sai ka ji ta tana tafiya a hankali tana gurnani ba tare da ka matsa totur ba, nan ne injin gas ya yi wa na fetur nisa, ƙarfinsa daga ƙasa yake fitowa. Shan mai ma da sauƙi. Amma kar wani ya ruɗe ka da cewa gas arha ne, tun 2022 farashinsa ya yi tashin gwauron zabi, shi dama gwamnati ta daɗe da cire hannu a kansa tun kafin a cire tallafin fetur a 2023.

Inda take da laulayi shi ne wajen mai. Wannan injin na zamani ne, kwamfuta ke sarrafa nozul ɗinsa masu fesa mai cikin inji, famfon yana tura mai da matsi mai tsanani, saboda haka ɗan ruwa ko datti ko gas ɗin da aka surka da kananzir ya isa ya kashe maka nozul. Ni a wani gidan mai na bakin hanya aka zuba min gurɓatacce, washegari da safe ta tashi da kyarma da farin hayaƙi, kuma kuɗin nozul huɗu na asali wallahi ba wasa ba ne, ga shi ba kowane bakanike ne ke da na'urar saita su ba. Shi ya sa nake cewa kafin ka zaɓi mota, fara duba inda za ka riƙa shan mai da wanda zai gyara maka. In a ƙauye kake nesa da gari, Hilux mai injin 5L ta fi maka, ba turbo, ba ta da gudu ko kaɗan amma tana da haƙuri. In kuma aljihu da nauyi to Land Cruiser mai 1HZ, silinda shida lita 4.2, ba banza ba direbobin Agadez suka riƙe ta.

Ranar dubawa ka ce wa dillali kar a tayar da ita sai ka zo, ka je da sassafe ka ɗora hannu a kan injin, in ka ji ɗumi to an riga ka, ka ce gobe ka dawo. Inji mai lafiya bugu ɗaya yake tashi a sanyi. Ka tsaya bayan salansa wani ya taka: baƙin hayaƙi sau da yawa nozul ne ko filtar iska, shuɗi yana cin baƙin mai, ko ringi ko turbo, fari mai kauri wanda bai ɗaukewa bayan ta yi zafi kuwa ka ji tsoron gaskit. Sannan tana kunne ka kwance murfin baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka murɗa ba, in yana tsalle hayaƙi na busowa, injin ya gaji, sauke shi na nan tafe. Ka buɗe lagireto kafin a kunna, ka ga ko ruwan ya haɗu da mai.

Don Allah ka shiga ƙarƙashinta da fitila, kar ka ji ƙyashin ɓata riga. Waɗanda suka fito Turai gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin shasi, sai a fesa baƙin fenti a rufe, ka ƙwanƙwasa da sukuddireba wajen maƙalin sifirin na baya za ka gane. Waɗanda suka yi aiki a kamfanin gine-gine kuma jikin yana ƙyalli amma ƙasan ya sha wuya. Ka lura ko an juya sitiyari daga dama zuwa hagu, irin wannan wayoyinta ba sa ƙarewa da matsala. Ogzilarin ma a gwada a kan ƙasa ko yashi, H4 da L4 duka, wasu an cire furofelar gaba an bar giyan don ado. Kuma in ka saya kar ka riƙa tafiya da ogzilarin a saƙale a kan kwalta, lalata giya yake.

Lambar kilomita kar ka yarda da ita, ana mayar da ita baya. Ka dubi cinyewar fedar kuloci da sitiyari. Bel ɗin taimin na 2KD a kilomita 150,000 ake canzawa, ni dai ina karɓar mota na canza shi tare da filtar mai ban jira bayanin kowa ba, don in ya tsinke kan injin ne zai tafi. Takardun kwastan kuma ka tabbatar lambar shasi ta yi daidai da wadda ke jikin motar, ka kai a tantance kafin kuɗi su bar hannunka.

Wanda zirga-zirgarsa daga gida zuwa ofis ce cikin gari, ban ba shi shawara ba, in ba kaya a baya tsalle take yi ta gajiyar da ƙugu, ya nemi ƙaramar mota mai fetur. Ni tawa ba na sayarwa ba ce, sai dai in Allah Ya hore zan ƙara mai 5L saboda gonar da ta fi nisa da gari.