T480 ta hannu ko sabuwa ta cikin kwali? Amsa ga ƙanwarmu ta jami'a

Ƙanwata, tsakanin kwamfutoci biyun da kika jera mana, ThinkPad T480 ta hannu da sabuwar nan ta cikin kwali mai RAM (wurin da take riƙe aikin da ake ciki) giga 4, tunda kin ce kuɗinsu kusan ɗaya ne, ɗauki T480 ki huta. Kowacce na riƙe ta da hannuna, ba labari aka ba ni ba.

Tawa daga Kano wani direba abokina ya zo mini da ita ta Maimujiya, a naɗe cikin zane, murfinta duk ƙarzuna kamar kyanwa ta yi wasa a kai. Uwargida ta dube ta sama da ƙasa ta ce na kwashi kuɗi na sayo allon makarantar allo. Yau shekara huɗu ke nan, ita ke ci da gidan, don da ita nake buga wa mutane takardu a ɗan shagona na Sabon Gari, kuma uwargidan ba ta ƙara tada zancen ba.

Batir ne ya fara sa na so ta. Biyu gare ta, ɗaya a ciki, ɗaya a baya wanda ake zarewa da yatsa a sa wani ba tare da an kashe ta ba. Kin san bazarar Damagaram, kuran ya tafi da azahar, ba mai ce miki ga lokacin dawowarsa. Wata rana wani ɗalibin Jami'ar André Salifou ya zo mini da memuwarsa, wato kundin kammala karatunsa, washegari zai miƙa, ido ya yi jawur. Muna tsakiyar gyara wuta ta ɗauke. Na zare batirin baya na sa na ajiya, muka ci gaba har magariba, muna fifita da kwali. Yaron nan har yau in ya wuto sai ya leƙo ya gaishe ni.

Sai caji. Kafar USB-C take sha, irin ta wayoyin yanzu. Mun je suna Mirriya na manta cajata a gida, na ari ta wayar ƙanen matata mai wat 45, ta cika ta tsaf. Amma ki kula, ba kowace cajar waya ke ɗaga kwamfuta ba, sai wadda aka rubuta PD da volt 20 a jikinta. Tata ta asali wat 45 ce ko 65. Ga kuma kafar HDMI ta haɗawa da majigi don ranar da za ki kare aikinki gaban malamai, ga ta wayar intanet, ga ramin katin SD. RAM ɗinta gurbi biyu ne, a kwance 'yan kusoshi a ƙara har giga 32. Ni duk ƙarshen hunturu nake buɗe ta in hure ƙurar da ta tara.

Sabuwar kuwa, to, tana da kyau, ba nauyi, kuma akwai garanti in mai kanti ya ga damar tuna fuskarki. Irinta na fara saya, ba zan faɗi kamfanin ba. RAM a liƙe da dalma, ba a ƙarawa. Ma'ajiya giga 64, wanda shi ne mafi ƙarancin da Windows 11 kanta ke nema, kafin ki zuba komai naki. Shafi biyar na intanet da Word ta fara nishi. Cajarta mai siririn baki ta ƙone, na zagaye kasuwar Dole kwana biyu ban samu daidai bakinta ba. Yara ke kallon katun da ita yanzu.

A nan nake ganin laifin kamfanoni. Mai ƙera na'urar da ba a buɗewa, ba a ƙara mata komai, kuma da cajar da shi kaɗai ke sayarwa, ya san sarai ranar da za ta zama shara. Wasunsu da kansu ba su gyara ba sai da Tarayyar Turai ta kafa doka: daga 28 ga Disamba 2024 duk sabuwar waya da za a sayar can sai da USB-C, kwamfutocin laptop kuma daga Afrilu 2026. Apple ma sai a iPhone 15, a 2023, ta bar tsohuwar kafarta. Mu nan ba wanda ya tambaye mu, abin da suka gaji da shi can shi ake lodo mana. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar injin Intel ƙasa da tsara ta takwas sai 'yan ƙalilan. Ina kike jin tsofaffin za su nufa?

Shi ya sa ba ki tambaya ba amma zan faɗa miki: kada ki yarda da sitika. Akwai masu manna "Core i7" a kan tsohuwar T460 ko T470, su cusa mata Windows 11 ta bayan gida, su rantse miki da Allah. Ki sa a kunna a gabanki, ki duba lambar injin da idonki. Ta T480 da kike nema i5-8250U ce ko i5-8350U, wato 8 ce farko bayan ɗan layin, alamar tsara ta takwas ke nan. In kika ga 6 ko 7, ki ajiye musu kayansu, don ita kanta T480 akwai 'yan kaɗan masu tsara ta bakwai. Ki danna F1 tana tashi don shiga saitinta na ciki, in ta nemi kalmar sirri mai kanti ya fara kame-kame, ko ta sata ce ko ta wani ofishi da ba a kwance ba. Ki soka caja a kafofin USB-C ɗin biyu, ɗaya bayan ɗaya. Wannan samfurin ya taɓa samun matsalar da ke kashe kafar, Lenovo ta fitar da gyara, amma ba kowace aka yi wa ba. Ki tabbata SSD ce a ciki, wato ma'ajiya mai sauri, kuma batirin duka biyu na nan, don wasu sukan cire na cikin su sayar daban.

Madannai ma ki duba. Na Kano QWERTY ne, ke kuma Faransanci za ki rubuta, da é da è da ç a kowane layi. In kin samu AZERTY, jerin madannan Faransanci, ta asali ya fi. Ta sitika tana ɓarewa da gumi kafin damina.

Wanda ya ce miki ana sa mata SIM, ramin kawai ya nuna miki, yawancinsu ba na'urar a ciki. Ki haɗa ta da wayarki ta kebul, ko Airtel ko Moov ko Zamani, duk wanda rezonsa ya fi kamawa a unguwarku. Wayar na caji, kina aiki.

Kada ki biya ranar farko. Ki ɗauko mini hoton lambar injin da na ƙasan kwamfutar ki turo mini, in duba miki kafin ki ƙirga musu ko jika ɗaya.