Huckleberry Finn a majigi: fina-finai uku da na sake kallo

Littafin Huckleberry Finn na marubucin Amurka Mark Twain, wanda ya fito a Ingila a 1884 sannan a Amurka a 1885, ya sha shiga hannun masu shirya fim tun daga 1920, lokacin da majigi bai fara magana ba. Na sake kallon uku daga cikin waɗannan fina-finai a jere, wato na 1939 da na 1960 da na 1993, kuma abin da na zuba wa ido shi ne yadda kowannensu ya ɗauki Jim, bawan da ya tsere daga jihar Mizuri ya bi kogin Misisipi tare da yaron nan Huck, yana fatan kaiwa garin Cairo na jihar Illinois, inda zai kama hanyar jihohin da ba a bauta.

Na 1939, wanda kamfanin MGM ya fitar kuma Richard Thorpe ya ba da umarni, shi ya fi kwanta mini a rai, duk da cewa ba mai launi ba ne. Mickey Rooney, wanda ya fito a matsayin Huck, yana da shekara 18 a lokacin, ya ɗan girme wa matsayin, kuma rawar kansa takan yi yawa. Amma Rex Ingram ya fito da Jim a matsayin magidanci mai nutsuwa, mai kewar iyalinsa. Idan ya yi shiru yana duban ruwa, mai kallo yakan ga nauyin da ke zuciyarsa ba sai ya buɗe baki ba. An cire Tom Sawyer, abokin Huck, an kuma sauya ƙarshen labarin: ana tuhumar Jim da kashe Huck, gungun mutane na neman hallaka shi, shi kuwa Huck yana garzayowa a jirgin ruwa mai tururi domin ya cece shi. Wannan sauyi bai ɓata mini rai ba, domin surorin ƙarshe na littafin, inda Tom ya mai da kuɓutar da Jim abin wasa alhali ya san an riga an 'yanta shi, sun daɗe suna ci mini tuwo a ƙwarya.

Na 1960 na Michael Curtiz ya fi kyan gani, ga launi ga faɗin kogi, sai dai ya karkata ga barkwanci. Archie Moore, zakaran damben boksin na duniya, ya yi Jim da tausasawa, amma labarin bai ba shi fili ba.

Na 1993 na kamfanin Disney, da Elijah Wood a matsayin Huck da Courtney B. Vance a matsayin Jim, ya fi sauran ƙarfin halin nuna muguntar bauta, har da tabon bulala a gadon bayan Jim. Duk da haka, akwai abin da ya gagari ukun. A littafin, Huck ne ke ba da labari da bakinsa, kuma ya yi imani da gaske cewa taimakon bawa zunubi ne, shi ya sa lokacin da ya yage wasiƙar da za ta tona asirin Jim, ya yi hakan ne yana tsammanin ya zaɓi wutar lahira. Kyamara ba ta iya shiga zuciyar yaro ta nuna wannan kokawa. Wanda zai kalli ɗaya kawai, ya nemi na 1939, amma ya fara karanta sura ta 31 ta littafin, inda Huck ya yage wasiƙar.