Gyaran da mai kayan gwanjo ya ba ni, da baturen nan Ry Cooder mai son zama a baya

Ni fa ba faifai na je saya ba, caja na je nema wajen masu kayan gwanjo, irin waɗanda ake bazawa a ƙasa ɗin nan, tsohon dutsen guga, rimot, wayoyin da ko mai kayan bai san na meye ba, sai na hango wani kwali cike da faifan sidi ƙura ta rufe shi. Yanzu wa ke sayen sidi in ba irina ba, da motata ta kwana biyu, rediyon ciki ba bulutut ba wajen soka filash, ramin faifai kawai. Na tsuguna ina juyawa, duk turawan da ban sani ba, can sai ga sunan Ali Farka Touré, mawaƙin nan ɗan Mali. Na ce malam nawa wannan, ya ce Alhaji don Allah kwashe kwalin duka na gaji da ganinsu, na ce a'a ɗaya ya ishe ni. Muka daidaita, har na juya ya zaro wani a kwalin ko dubawa bai yi ba ya miƙo min wai ga gyara.

Wanda na saya sunansa Talking Timbuktu, na shekarar 1994. Gyaran kuma na wani John Hiatt ne, Bring the Family, na 1987, mutumin da ban taɓa jin ko sunansa ba. Yau wajen sati shida kenan su biyun ne a motar, shi ya sa na ce bari in faɗi yadda na same su.

Abun da ya fara ɗaure min kai tun kafin in saka ko ɗaya shi ne 'yan littattafan da ke cikin gidan faifan. Kowanne an jera sunayen waɗanda suka yi kiɗa. Wancan waƙoƙin Mali, wannan na wani Ba'amurke ɗan Indiyana, shekara bakwai tsakaninsu, amma sunaye biyu iri ɗaya a ciki: Ry Cooder a kan jita, Jim Keltner a kan ganguna. Mai gwanjon nan wallahi bai san abun da ya haɗa min ba. Kuma wannan ne amfanin sidi da waya ba ta cika ba ka ba, a waya sunan mawaƙi kake gani da hotonsa shikenan, makaɗan da suka yi gumi sai ka tona.

Faifan Ali Farka waƙa goma ne, wajen awa ɗaya. A Los Anjalas aka ɗauke shi a 1993, cikin kwana uku. Ali ya zo da mutanensa, Hamma Sankare mai ƙwarya da Oumar Touré mai ganga, Cooder kuma ya kira nasa, Keltner da John Patitucci mai jitar bes da wani tsoho ɗan Teksas, Clarence Gatemouth Brown, lokacin ya kusa saba'in. Waƙoƙin da Sonrai ne da Fulatanci da Bambara da yaren Buzaye, ba turanci. Da na fara saka shi a go-sulo, waƙa ta biyu Soukora tana shiga sai na ji kamar na san kiɗan tun ina yaro, ƙwaryar nan tana ƙas-ƙas a hankali, jitar Ali tana zagaye wuri ɗaya kamar mai gurmi, amshi yana bin baya. Na dinga kasa kunne ina jiran inda baturen zai ɓarke ya nuna mana shi gwani ne. Shiru. Yana nan fa, in ka natsu za ka ji shi can ƙasa-ƙasa yana cike gurbi, in Ali ya ja numfashi ya ɗan zuba wani abu kaɗan ya koma. Ko a bangon faifan ma sunan Ali ne a gaba, sannan aka ce tare da Ry Cooder.

Ni wannan ne ya saye ni. Duk wanda ya taɓa zama gaban makaɗan gargajiya ya san waƙa ba ta daɗi in ɗan amshi yana so ya danne ubangidansa, kuma ya san akwai mai kalangun da ba ka lura da shi sai ranar da bai zo ba. To irin wannan ne mutumin.

Salon da aka san Cooder da shi suna ce masa silaid, wato ya zura yatsa a wuyan kwalba ko guntun bututu ya riƙa jan shi a kan tsirkiya maimakon ya danne ta, sai sautin ya riƙa miƙewa yana kuka kamar goge. A waƙa ta tara, Ai Du, nan ne aka sake shi ya yi sosai, ga tsoho Gatemouth da gogensa na turawa yana amsawa. Daɗi kam akwai, amma in faɗi gaskiya ita ce ta fi min kama da an yi ta don kunnen Amurkawa, gangunan Keltner da bes ɗin sun cika wurin har ƙwaryar ta zama baƙuwa a gidanta. Na fi son Sega, inda Ali ya ajiye jita ya ɗauki njarka, ɗan gogen nan nasu mai tsirkiya ɗaya kamar kukuma. Ita kuma Amandrai ta kai wajen minti tara tana tafiyar hawainiya, ni ina so, amma yarana in muna hanyar makaranta sai sun ce Baba don Allah a wuce wannan.

Matsala ɗaya, faifan yana da ƙarzuwa, waƙar ƙarshe Diaraby in ta kai tsakiya sai ta maƙale tana maimaita guri ɗaya kamar mai in'ina. Na goge da makilin da auduga yadda muke yi da, ta ɗan gyaru, amma har yau in na faɗa rami sai ta yi tsalle. Kayan gwanjo ne, ban da bakin ƙorafi.

Daga nan fa na shiga tonon tarihin Cooder a waya, data ta sha wuya. An haife shi a Los Anjalas a 1947, tun yana ɗan shekara huɗu ya rasa ido ɗaya a wani hatsari, na gilashi ne a wurin. Yana saurayi suka kafa ƙungiya da wani mawaƙi Ba'amurke mai suna Taj Mahal, Rising Sons, wajen 1964, ba ta yi nisa ba ta watse. Ya yi wa mawaƙi Captain Beefheart kiɗa a 1967, ya yi wa ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila a ƙarshen shekarun 1960, har mai jitarsu Keith Richards da bakinsa ya yarda cewa wajen Cooder ya koyi wani salon ɗaure tsirkiyar jita da ya zama tambarinsa daga baya. Ka ga ɗaya ya zama sarkin duniya da salon, ɗayan kuma sai ka bincika ƙananan rubutu za ka ga sunansa. Shi kiɗan nasa, abun da Amurkawa ke kira roots rock, dama haka yake, rok ne da ya koma ya nemo iyayensa, bulus na baƙaƙen fatan kudu (ba bulus ɗin da ake ci a banza ba), kantiri irin na su Don Williams da iyayenmu ke ji a rediyo, waƙoƙin coci, da na ƙauye. Shi kuma Cooder bai tsaya a iyakar Amurka ba. A 1976 ya jawo Flaco Jiménez mai akodiyan daga Teksas da Gabby Pahinui na Hawai a faifai ɗaya, ya kuma zauna da wani Ba'indiye Vishwa Mohan Bhatt suka yi faifan da ya fito a 1993 ya ci Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, sannan na Ali Farka ma ya ci a 1995.

Anan ne ma nake da ɗan ƙorafi, ba da shi ba, da masu raba kyautar. Ali Farka ya girme shi da shekara takwas, ya daɗe yana fitar da faifai, wanda ya gabaci wannan ma har Taj Mahal ya saka hannu a ciki, amma sai da sunan bature sananne ya hau bango tukun aka miƙo kambun. Shi Alin dama bai ɗauki abun da zafi ba, mutum ne da ya fi ɗaukar kansa manomi, ya koma garinsu Niafunké a bakin kogin Neja yana noman shinkafa, faifan da ya biyo baya a 1999 sai da aka kwashi kayan ɗaukar sauti aka bi shi har can. A 2004 ya zama magajin garin, ya rasu a watan Maris na 2006, Allah ya jiƙansa. Kuma shi ne wanda da ya fara jin John Lee Hooker, mawaƙin bulus na Amurka, ya ce ai wannan kiɗan ƙasarsu ne. Farka ɗin ma laƙabi ne, jaki yake nufi, iyayensa suka saka masa saboda juriyarsa, don shi ne ɗa na goma kuma shi kaɗai ya rayu.

To gyaran fa? Da farko na raina shi, sati guda yana cikin aljihun ƙofa. Ranar da na saka shi sai na ji murya mai kaushi kamar wanda ya kwana yana tari, da makaɗa uku kacal a bayansa, Cooder, Keltner, da wani ɗan Ingila Nick Lowe a kan bes. Kwana huɗu suka yi suka gama faifan, a lokacin da Hiatt ya daina shan giya kuma manyan kamfanonin waƙa sun juya masa baya. Ana jin gaggawar a ciki, ba kwalliya ba ƙari, kamar mutum huɗu a ɗaki ɗaya kowa na kallon hannun kowa. A nan Cooder ya fi sakin hannu fiye da na Ali, da alama ya san nan gida ne, can kuwa baƙo ne. Ɗaya daga waƙoƙin, Thing Called Love, wata mawaƙiya Bonnie Raitt ta sake rera ta a 1989 ta fi ta mai ita tashe. Sai dai wannan faifan daɗinsa rabi a cikin kalmomi yake, in turancinka na makaranta ne irin nawa za ka riƙa tsintar ɗaya kana zubar da biyu, ga lafazin hanci. Na Ali ban jin yaren ko kaɗan amma bai dame ni ba, wannan kuwa ina ji rabi-rabi sai ya fi ba ni haushi.

Abun dariya, su huɗun nan sun sake haɗuwa suka ba kansu suna Little Village, faifansu ya fito a 1992, wannan karon kowa oga ne, kowa na rubutu kowa na rerawa. Na nemo a waya na saurara. Ba laifi, amma gishirin bai ji ba, faifai ɗaya da zagaye ɗaya suka yi suka watse. Mutane ɗaya ne fa, hannu ɗaya, illa dai da can an san mai waƙa an san masu rufa masa baya, yanzu kuwa tukunya ɗaya maburgi huɗu.

Wanda ya fi ba ni mamaki labarin Kyuba ne. A 1996 Nick Gold, baturen Ingilan da kamfaninsa World Circuit ya fitar da faifan Ali, ya shirya haɗa makaɗan Mali da na Kyuba a Habana, ya kira Cooder. 'Yan Malin, Djelimady Tounkara da Bassekou Kouyaté, matsalar biza ta hana su zuwa. An riga an kama situdiyo, sai aka tattaro tsofaffin mawaƙan garin da aka manta da su, su Compay Segundo mai kusan shekara casa'in da Ibrahim Ferrer da ya koma goge takalmi, aka yi Buena Vista Social Club. Wato rashin bizar 'yan uwanmu ne ya haifi faifan da duniya ta ɗauka. Gwamnatin Amurka kuma ta ci Cooder tarar dala 25,000 saboda ya karya takunkumin da ta saka wa Kyuba. Haɗin Mali da Kyuban sai a 2010 ya tabbata, babu shi a ciki. Hanyar dai ba ta toshe ba, Dan Auerbach na ƙungiyar Black Keys ya kai Bombino mai jita ɗan Agadas birnin Nashville na Amurka suka yi faifan da ya fito a 2013, shi kuma Cooder a 2022 ya koma wajen tsohon abokinsa Taj Mahal suka sake zama tare bayan shekara hamsin da ɗoriya, tsofaffi biyu, da ɗansa Joachim yana musu kiɗa, nan ma Grammy.

In maki za a ba, na Ali Farka tara cikin goma, ɗayan na cire saboda gangunan da suka yi yawa a wasu wuraren. Na Hiatt bakwai, kuma laifin turancina ne ba nasa ba. Wanda ke son kiɗan rawa ko abun da zai tashi a minti ɗaya kar ya wahalar da kansa, wannan na doguwar hanya ne da dare.

Makon jiya na ɗauko Kawu daga asibiti, tsohon direban tirela ne ya yi shekaru yana zuwa Yamai, yana ɗan jin Zabarmanci. Faifan na ciki, ya yi shiru har muka wuce shataletale biyu, sannan ya ce kai wannan ai ina tsintar maganarsa, ɗan ina ne? Na ce ɗan Mali ne Kawu, amma akwai bature a ciki yana kaɗa jita. Ya ƙara kasa kunne ya ce ina baturen, ni ban ji shi ba. Da muka isa gida ya ce in ciro masa, yana da tsohuwar rediyo mai cin faifai. Na ciro na ba shi da hannu biyu, yanzu Hiatt kaɗai ya rage a motar, kuma ranar Asabar zan koma wajen mai kwalin nan in duba ko akwai na Taj Mahal da makaɗin Mali Toumani Diabaté na 1999.