Katin inshorar lafiya na gwamnati: inda ya fisshe ni da inda yake ba ni haushi

Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Kano, mai fama da hawan jini, don haka katin inshorar lafiya ba ado ba ne a aljihuna. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda da ake kira NHIS, ta koma NHIA tun 2022 da Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, amma a tagar yankan kati har gobe "ɗan NHIS ne?" za a tambaye ka. Katin yana ɗaukar ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu da 'ya'ya goma sai ya biya wa sauran daban. Da gani wanda ya tsara abin bai taɓa zama a unguwarmu ba.

Gaskiya dai a babbar lalura katin nan ya yi mini rana. Da haihuwa ta zo wa maiɗakina da gardama aka ce sai an yi aiki, abin da ya fita daga aljihuna bai wuce kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani ba, sai ɗan tarkacen da ake aiken miji ya sayo. Maƙwabcina mai shagon tireda, da irin wannan ta same shi, babur ɗinsa ya sayar.

Matsalar tana wajen magani na yau da kullum. Likita ya rubuta, ka bi layin ɗakin magani, yarinyar ta duba takardar ta ja layi a kan biyu daga cikin uku: "Baba, waɗannan babu, sai dai ka duba waje." Wajen kuwa kemis ne a tsallaken titi, kuma can ba su san wani kati ba. Na fahimci dalili. Asibiti kuɗi ƙayyadadde yake karɓa duk wata a kan kowane mai rajista, ya yi ciwo ko bai yi ba, alhali tun da naira ta faɗi a 2023, kamfanin magunguna na GSK kuma ya sanar da tattara komatsansa daga Najeriya, farashin magani ya yi tashin gwauron zabo. Amma fahimtar dalili ba ta sauke mini jini.

Sai batun lambar izini. In za a tura ka wajen babban likita ko hoto mai tsada, sai kamfanin da ke tsakanin hukumar da asibiti, wato HMO, ya turo lamba. Na taɓa wuni a kan benci ina kiran layinsu, ana sa mini kiɗa. A 2025 hukumar ta ce kada jiran ya wuce awa ɗaya. A wajena an samu sauƙi, ba laifi.

Ƙanena ma'aikacin banki ne, inshorarsa ta kamfani mai zaman kansa ce. Na raka shi asibiti: ga sanyin na'ura, ga "ranka ya daɗe", kafin ka gama gaisawa an kira shi. Har na yi sha'awa na tambayi wani kamfani nawa zan biya wa kaina. Da na ambaci hawan jini sai muryar ta canza, wai ciwon da ka shigo da shi sai ka jira tukuna, kuma akwai iyakar abin da za su kashe maka a shekara. Shi ma ƙanen nawa, ranar da banki ya sallame shi katin ya tashi aiki.

Ga mai shirin yin rajista, asibitin da ka zaɓa shi ne rabin zancen. Ni na bar ƙaramin asibitin kusa da gida na koma babba, inda layi ya fi tsawo amma ana samun magani. Ana iya canzawa bayan wata shida, sai dai ka je da sammako da kwafin katinka.